BABI NA UKU: TASIRIN AL'ADA A KAN SASANTA RIKICIN MANOMA DA MAKIYAYA A ƘASAR HAUSA

3.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce, zo mu zauna zo mu saɓa. Ma'anar wannan karin magana ita ce, duk inda jama'a suka haɗu suna cin arzikin wuri ɗaya, to ba a raba su da saɓani. Abin da ya bambanta wata al'umma da wata shi ne hanyar da kowace take bi wajen kashe wutar saɓanin idan ya taso. Wato wa ake kai wa ƙara, wa ke da bakin magana, da wane irin lafazi ake yin ta, kuma yaushe ne za a ce magana ta mutu. Duk waɗannan abubuwa al'ada ce ke tsara su.

Wannan babi zai yi bayanin yadda al'ada ke yin tasiri a kan sasantawa ta hanyar ɗaukar misali guda, wato rikicin ɓarnar gona tsakanin manoma Hausawa da makiyaya Fulani a arewacin Nijeriya da kudancin Jamhuriyar Nijar. An zaɓi wannan misali ne saboda dalilai biyu. Na farko, a cikinsa ne al'adu biyu ke haɗuwa a zaure ɗaya, kowace da irin fahimtarta game da ƙasa da dukiya da mutunci. Na biyu, rikici ne da yakan faro daga 'yan damman gero amma ya ƙare da asarar rayuka idan ba a iya da shi ba. Ya kamata a lura cewa akwai Fulani manoma, akwai kuma Hausawa masu shanu, saboda haka rabon da aka yi a nan na sauƙaƙa bayani ne kawai. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, sulhun gargajiya ya ginu ne a kan kare mutuncin ɓangarorin biyu domin su ci gaba da zama tare, kuma yana yin aiki ne muddin akwai mai shiga tsakani wanda kowane ɓangare ke jin nauyinsa.

3.1 Ma'anar Sulhu da Ra'ayoyin Masana

Kalmar sulhu ararriya ce daga Larabci. Hausa na da wasu kalmomi masu kusancin ma'ana da ita, kamar sasantawa da shiryawa da daidaitawa. Sulhu ya bambanta da shari'a ta fuskar wanda ke da maganar ƙarshe. A shari'a alƙali ne ke yanke hukunci, ko an so ko an ƙi, wani ya ci wani ya faɗi. A sulhu kuwa babu abin da zai tabbata sai da yardar masu rikicin su kansu, aikin mai shiga tsakani shi ne ya kai su ga wannan yarda.

Masana da dama sun tofa albarkacin bakinsu game da dangantakar al'ada da sasantawa. Hall (1976) ya kasa al'adun duniya gida biyu. Akwai waɗanda saƙo ke cikin kalmomin da aka furta ɓaro-ɓaro, kamar na Jamusawa da Amurkawa. Akwai kuma waɗanda yawancin saƙon ke cikin yanayin maganar, wato wanda ya yi ta, da inda aka yi ta, da abin da aka ƙi faɗa, kamar na Japanawa da Larabawa. Fisher da Ury (1981) na Jami'ar Harvard sun kawo wata hanyar sasantawa da ta yi fice a ƙasashen Turawa, wadda sharaɗinta na farko shi ne a ware mutum gefe guda, a ware matsalar gefe guda, sannan a dubi buƙatar kowane ɓangare maimakon matsayin da ya kafe a kai. Shi kuwa Raymond Cohen (1991) ya yi nazarin tattaunawar jami'an Amurka da na Masar da Indiya da Sin da Japan da Meziko, ya nuna cewa sau da yawa bambancin salon magana ne ke jawo rashin fahimta, ko da buƙatun ƙasashen ba su yi nisa da juna ba.

Idan aka auna al'adar Hausawa da waɗannan ra'ayoyi, za a ga ta faɗa cikin kaso na biyu na Hall. Haka nan kuma za a ga sharaɗin farko na Fisher da Ury ba ya zama daidai a zauren dagaci, domin a can mutuncin mai ƙara da na wanda aka yi ƙara suna cikin abin da ake sasantawa a kai, wani lokaci ma sun fi gonar da aka ci nauyi.

3.2 Ginshiƙan Sulhu a Al'adar Hausawa

3.2.1 Mutunci da Kunya

Kirk-Greene (1974) ya lissafa halaye goma da Bahaushe ke auna mutumin kirki da su, wato gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Huɗu daga cikinsu, haƙuri da kunya da mutunci da karamci, su ne ke tafiyar da zaman sulhu. Mai gaskiya ba a son ya matsa sai ya karɓi haƙƙinsa ƙwandala ba ta yi ciwon kai ba, domin yin haka zai sa a kira shi marar mutunci. Mai laifi kuma ba a tilasta masa ya furta a bainar jama'a cewa shi ne mai laifi, ya isa wani babba nasa ya ce a yi haƙuri. Wannan kalma ta "a yi haƙuri" tana ɗauke da amsa laifi da neman gafara a lokaci guda, ba tare da an kunyata kowa ba.

3.2.2 Magana a Kaikaice

Salon cinikin Bahaushe a kasuwa yana nuna salon sasantawarsa. Idan mai saye ya taya kaya, tayin bai yi wa mai kaya ba, ba zai ce "na ƙi" ba, sai ya ce "albarka". Wato an ƙi tayin amma an bar ƙofar ciniki a buɗe. A kara kuwa, inda ake cinikin shanu, mai saniya da mai saye ba su cika yin magana kai tsaye ba. Dillali ne ke kai da komo tsakaninsu har a sallama, sannan ya karɓi la'adarsa. Abner Cohen (1969) ya nuna yadda fataucin shanu da goro na Hausawan Sabo a Ibadan ya dogara ga masu gida da dillalai waɗanda ke tsaya wa baƙo da mutuncinsu, har a ba da shanu bashi ba tare da takarda ba. Wannan tsari na sanya mutum na uku a tsakiya shi ne aka ɗauko zuwa zauren sulhu. Amfaninsa shi ne, magana mai zafi takan huce a bakin ɗan aike kafin ta isa kunnen wanda aka aika wa.

3.2.3 Girma da Matakan Sarauta

Ƙara na bin matakai ne daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa sarki. Kowane mataki yana ƙoƙarin kashe magana a gabansa, domin barinta ta wuce sama alama ce ta gazawarsa. Su ma masu rikicin sun san cewa duk lokacin da magana ta hau sama, to ɗawainiya na ƙaruwa, masu ji kuma na ƙaruwa. Baya ga masu mulki akwai masu sarautun sana'a, musamman Sarkin Noma a ɓangaren manoma da Arɗo ko Sarkin Fulani a ɓangaren makiyaya. Nauyin waɗannan mutane shi ne jarin sulhu. Idan dattijon da ya halarci sunan mutum ya ce masa "na roƙe ka ka bari", ƙin bari ya zama sabon laifi wanda ya fi na farko muni a idon jama'a.

3.2.4 Addini

Musulunci ya ƙarfafa wannan tsari. Aya ta 128 ta Suratun Nisa'i ta fifita sulhu, aya ta 9 da ta 10 ta Suratul Hujurat kuma sun umarci a shiga tsakanin muminai idan sun yi faɗa. Ita kanta ɓarnar gona an ambace ta a aya ta 78 ta Suratul Anbiya'i, cikin ƙissar hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu a kan shukar da tumaki suka shiga da dare. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a littafin Risala da ake karantawa a zaurukan malamai, ɓarnar da dabbobi suka yi da dare tana wuyan masu su, ta rana kuwa babu ramuwa. Littafin Muhtasar ya ƙara da sharaɗin cewa rashin ramuwar rana yana tabbata ne idan an saki dabbobin nesa da gonaki kuma babu makiyayi tare da su. Ya kuma bayyana cewa amfanin da bai nuna ba ana yi masa ƙima ne bisa tsammanin zai iya kaiwa, zai kuma iya lalacewa. Muhimmancin wannan hukunci shi ne ya ba manomi da makiyayi ma'auni guda wanda dukansu suka yarda da shi, tun da addini ya haɗa su.

3.2.5 Wasan Barkwanci

Akwai wasan barkwanci tsakanin wasu al'ummu, alal misali Kanawa da Zazzagawa, Gobirawa da Yarabawa, Fulani da Barebari, Fulani da Arawa, da kuma Fulani da maƙera. Abokin wasa yana da damar faɗa wa mutum gaskiya mai ɗaci cikin raha, ba a kuma yarda a yi fushi da shi ba. Don haka idan zama ya yi tsami, abokin wasa kan jefa zolaya a yi dariya, a samu hanyar komawa kan magana. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta ƙasar Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya. Sai dai amfaninta a sulhu ya tsaya ne ga inda aka san juna, kuma ba kowane manomi ne abokin wasan Bafulatani ba.

3.3 Al'adar Makiyayi a Zauren Sulhu

Bafulatani makiyayi yana zuwa zauren sulhu da tasa tarbiyyar, wadda ake kira pulaaku, Hausawa kuma ke ce mata fulako. Manyan rassanta su ne semteende, wato kunya da kamun kai, da munyal, wato juriya, da hakkiilo, wato hankali da lura. Wannan tarbiyya ta hana mutum nuna yunwa ko zafin ciwo ko tsoro a gaban baƙi. Saboda haka makiyayi kan yi shiru ko ya taƙaita magana a wurin da ake sa ran ya kare kansa. Manomi na iya fassara wannan shiru da raini ko taurin kai, alhali a wurin mai shi ladabi ne. Bugu da ƙari, da Hausa ake yin zaman, ita kuwa ba harshen uwa ba ce ga makiyayin, musamman wanda ya taso daga nesa.

Har ila yau akwai bambancin fahimta game da ƙasa. A wurin manomi, wanda ya sari daji ko ya gada shi ke da gona, iyakarta kuma sananniya ce, abin da ke cikinta shi ne abincin iyalinsa na shekara. A wurin makiyayi, ciyawa da ruwa kyauta ce ta Allah, abin da yake riƙe da shi a matsayin haƙƙi shi ne hanyar wucewa, wato burtali da labi, da kuma mashaya. Idan manomi ya shigar da gonarsa cikin burtali, shi a ganinsa ya ƙara 'yan kunyoyi ne a filin da ba kowa, makiyayi kuwa a ganinsa an toshe masa hanyar da kakanninsa suka bi. Haka nan saniya a wurin Bafulatani ta wuce kuɗi. Tana da suna, an san uwarta, wata ta matarsa ce, wata ta ɗansa. Shi ya sa sare saniya ko ɗaure makiyayi a gaban jama'a ke barin tabon da biyan kuɗi ba ya gogewa. Mai shiga tsakanin da bai san waɗannan abubuwa ba yana iya raba gardamar kuɗi daidai, amma ya bar asalin rikicin yana nan.

3.4 Yadda Ake Gudanar da Sulhun Ɓarnar Gona

Tsarin ya ɗan bambanta daga wuri zuwa wuri, amma matakansa sun yi kama da juna. Idan manomi ya tarar an yi masa ɓarna, abin da al'ada ta tanada shi ne kada ya tunkari makiyayi da kansa. Zai bi sawun shanun ya ga inda suka nufa, sannan ya sanar da mai unguwa ko dagaci. Dagaci zai aika wa Arɗo, domin shi ya san rugagen da ke yankin da baƙin da suka sauka. Daga nan sai a tashi wakilai daga ɓangarorin biyu, galibi har da Sarkin Noma, su je gonar su gane wa idonsu, su ƙiyasta ɓarnar da dami ko da buhu.

Ranar zama akan taru a zauren dagaci ko a ƙofar fadarsa. Ba a faɗawa cikin magana kai tsaye. Sai an gaisa, an tambayi iyali da ruwa da lafiyar dabbobi, liman ya yi addu'a. Wannan doguwar gaisuwa tana tuna wa kowa cewa akwai zumunci kafin ɓarna. Mai ƙara zai fuskanci dagaci ne da maganarsa, yana cewa "ranka ya daɗe", ba zai nuna abokin rikicinsa da yatsa ba. Yaron da ya kora shanun ba shi ke magana ba, mahaifinsa ko Arɗo ke amsawa a madadinsa. Da haka laifin ya tashi daga kan mutum ɗaya ya koma kan jama'arsa, su kuma su ɗauki nauyin biya da na tsawatarwa.

Bayan an faɗi ƙimar ɓarna sai a shiga roƙo. Arɗo zai ce a dubi Allah a dubi zaman tare, dattawan gari su sa baki, manomi ya yafe wani kaso, wani lokaci ma ya yafe duka idan ɓarnar ba ta da yawa. Wannan mataki shi ne zuciyar sulhun. An tabbatar wa manomi gaskiyarsa a gaban jama'a, ya kuma sami girman wanda ya yafe. Makiyayi ya biya ba tare da an wulaƙanta shi ba, ya kuma tashi da nauyin alherin da aka yi masa. Daga ƙarshe a shafa fatiha, a yi musafaha, a raba goro. Waɗanda suka halarta su ne shaidu, kunyar idonsu ce ke sa a cika alkawari.

Abin da ya sa ɓangarorin ke karɓar wannan tsari shi ne kowa na buƙatar ɗan'uwansa. Bayan girbi manomi kan gayyaci makiyayi ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki. Matan Fulani na kawo nono da man shanu cikin gari su koma da hatsi. Manomin da ya sami rara yakan sayi saniya ya ba Bafulatani kiwo. Wanda zai nemi taki a wurin mutum da rani ba zai so ya kai shi bango da kaka ba.

3.5 Sauye-sauyen da Suka Raunana Tsarin a Nijeriya

A zamanin En'e sarakuna na riƙe da kotuna da 'yan doka da gidajen yari da rabon ƙasa, saboda haka bayan lallashin dagaci akwai ikon da ake tsoro. Jangalin da ake karɓa a kan shanu, duk da nauyin da ya ɗora wa makiyaya, ya sa hakimi na son Fulani su zauna a ƙasarsa, ya kuma ba Arɗo matsayi a hukumance tun da ta hannunsa ake tarawa. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe gandayen kiwo, sai dai da yawa daga cikin gandayen ba a kammala tabbatar da su a doka ba, daga baya gonaki da gine-gine suka cinye wasu.

Bayan ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e, ta rufe kotunan sarakuna, 'yan doka da gidajen yari kuma suka koma hannun gwamnatin tarayya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da sarakuna masu ba da shawara. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha ga gwamna, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da filayen karkara. A 1979 kuma gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da hujjarsa, domin an sha kuka da zaluncin En'e. Amma sakamakonsu a dunƙule shi ne an bar wa dagaci da Arɗo aikin sulhu, an ɗauke musu ikon da ke bayansa.

A daidai wannan lokaci buƙatar juna ita ma ta ragu. Takin zamani ya rage dogaro ga takin shanu. Kara da harawa sun zama hajar sayarwa, manomi na kwashe su ya adana. Noman rani, wanda ya bunƙasa da shirin Fadama daga farkon shekarun 1990, ya mamaye fadamun da shanu ke samun ɗanyar ciyawa da ruwa a cikinsu da rani. Farin 1973 da na 1984 sun karya makiyaya da yawa, shanu suka koma hannun 'yan kasuwa da ma'aikata mazauna birni, aka bar ɗan kiwon haya a daji wanda ba shi da ikon yanke magana a kan dukiyar da ba tasa ba. Da ƙara ta koma ofishin 'yan sanda da kotu, sai kowane ɓangare ya sami abin kuka. Makiyaya na kukan ana tsare su har sai sun sayar da saniya, manoma na kukan mai shanu ya fi su abin kashewa a kan shari'a. Ko wane ne ya ci, babu fatiha babu musafaha, kowa ya koma gida da abinsa a ciki.

3.6 Hanyar da Nijar ta Bi

Jamhuriyar Nijar ta fuskanci irin wannan matsala. Tun a 1961 ta yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga kiwo, amma yawan jama'a ya sa gonaki suka tsallake iyakar. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin yankin Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya jawo kisan Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara. A 1993 ƙasar ta kafa kundin dokokin karkara, wanda ya samar da kwamitocin kula da ƙasa tun daga matakin ƙauye, inda masu sarauta da jami'an gwamnati da wakilan manoma da na makiyaya ke zama tare. Dokokin ƙasar sun amince wa sarakunan gargajiya ikon yin sulhu a kan rikicin gona da kiwo kafin a je kotu, tare da rubuta abin da aka daidaita a kai a takarda. A 2010 aka ƙara da dokar kiwo wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Haka nan hukuma kan sanar da ranar sakin gonaki a kowace shekara, domin kowa ya san lokacin da dabbobi ke da izinin shiga. Wannan tsari bai kawar da rikici a Nijar ba, amma ya nuna cewa ana iya ɗora doka a kan al'ada, hukuma ta tsaya a bayan mai shiga tsakani maimakon ta ture shi gefe.

3.7 Iyakar Sulhun Gargajiya

Duk da amfanin da aka bayyana, sulhun gargajiya na da nasa rauni. Kalmar "a yi haƙuri" takan fi sauka a kan marar ƙarfi, domin talaka ba ya iya ƙin roƙon babba ko da an cuce shi. Mata da matasa ba su da bakin magana a zaure, alhali matasa ne ke kiwo kuma su ke ɗaukar makami. Idan kuma dagaci da kansa ne ya ba da burtali aka nome, ko Arɗo na cin wani abu daga tarar da aka yi wa mutanensa, to nauyin da ake ji nasu ya zube.

Babbar iyakar ta bayyana ne a rikicin 'yan bindiga na Zamfara da Katsina da maƙwabtansu, wanda ya tsananta daga wajajen 2011. A 2019 gwamnonin jihohin biyu, Bello Matawalle da Aminu Bello Masari, sun yi zaman sulhu da shugabannin 'yan bindiga, an saki waɗanda aka kama, an miƙa wasu makamai. Kafin shekara ta zagayo hare-hare suka dawo, har Masari ya bayyana a 2020 cewa an ci amanar yarjejeniyar. Idan aka auna wannan da abin da ya gabata za a ga dalili. An yi amfani da sunan sulhu da siffarsa, amma sharuɗɗansa ba su cika ba. Masu ɗauke da makaman sun fita daga ƙarƙashin Arɗo da iyayensu, ƙungiyoyinsu na da yawa ta yadda alkawarin wani bai hau kan wani ba, kuɗin fansa kuma ya raba su da buƙatar zaman lafiya da manomi. Su ma mutanen ƙauyukan da aka kashe wa dangi, da Fulanin da 'yan sa-kai suka kashe wa nasu, ba su ne suka zauna suka yafe wa juna ba.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an yi bayanin yadda al'ada ke tsara sasantawa tun daga wanda ake kai wa ƙara har zuwa lafazin da ake rufe magana da shi. An nuna cewa sulhun Hausawa ya dogara ga mutunci da magana a kaikaice da girman na gaba da hukuncin addini, kuma makiyayi na zuwa da tasa tarbiyyar wadda dole mai shiga tsakani ya san ta. An kuma nuna cewa tsarin na buƙatar abubuwa uku kafin ya yi aiki: ɓangarorin su kasance masu buƙatar juna, a sami wanda dukansu ke jin nauyinsa, a kuma sami jama'ar da za a ji kunyarta idan an saɓa alkawari. Sauye-sauyen mulki daga 1967 zuwa 1979 da sauyin tattalin arzikin karkara sun raunana waɗannan abubuwa a Nijeriya, yayin da Nijar ta yi ƙoƙarin tallafa musu da doka daga 1993. Bisa ga haka, duk hukumar da ke son rage wannan rikici ya kamata ta fara da kare burtali da mashaya, ta ba sulhun dagaci da Arɗo matsayi a doka tare da sa ido a kan adalcinsu, ta kuma shigar da matasa da mata cikin zaman, tun ɓarna tana matakin dami kafin ta kai ga jini.